Amsa ga yarona kan ginin garejin mota mai ƙofa ɗaya

Yarona, saƙonka ya iso ni, kuma na karanta shi har sau biyu. Ka ce: "Maigida, an ba ni aikin gina garejin mota a cikin wani gida. Mai gidan yana son ƙofa ɗaya mai faɗi wadda motoci biyu za su shiga, kuma yana son a gama cikin mako uku. Ta ina zan fara, kuma wane awo zan yi?"

Da a ce tambayarka ta tsaya a kan ta ina za ka fara, da ban ɓata lokacina ba, domin wanda ya shekara shida a bayana yana riƙe igiya da cokalin gini bai kamata ya tambayi yadda ake fitar da kusurwa, ko haƙa harsashi, ko jera bulo ba. Waɗannan ko leburan da ya yi wata uku yana ɗaukar kwanon kankare ya gan su da idonsa. Abin da ya zaunar da ni na rubuto maka shi ne abubuwa biyu da ka ambata kamar ba komai ba, wato ƙofa mai faɗi da kuma mako uku. Su ne suka haɗu suka jawo mini asarar da ban taɓa yin irinta ba shekara 17 da suka wuce, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Bari in sallame ka a kan awo tukuna. Kada ka auna fili, ka je ka auna motar da za ta kwana a ciki, kuma ka auna ta ƙofofinta a buɗe. Ƙaramar motar gida tsawonta yakan kai mita 4.5 zuwa 5, faɗinta kuma wajen mita 1.8, amma mutum ba ya fitowa ta rufin mota, sai ya buɗe ƙofa, ƙofar kuwa tana neman kusan mita guda. Saboda haka garejin mota ɗaya ba na yin cikinsa ƙasa da mita 3.5 a faɗi da mita 6 a tsawo, na motoci biyu kuma mita 6 sau 6 shi ne mafi ƙanƙanta, idan fili ya yarda ka ƙara rabin mita a kowace fuska. Tsayin ƙofa kada ya gaza mita 2.4 idan akwai yiwuwar mai gidan ya sayi doguwar mota nan gaba, kuma idan ƙofar ƙarfe mai naɗewa za a sa, ka tambayi mai haɗa ta wurin da naɗin zai ci a sama tun kafin ka kai linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa ya ɗauki nauyin ginin da ke kansa. Awon da nake faɗa maka na ciki ne, daga filasta zuwa filasta. Na sha ganin yara sun auna daga waje sun manta da kaurin bulo, suka miƙa wa mutum akurki maimakon gareji.

Yanzu ga abin da ya same ni. Wani mutum mai hali ya kira ni in gina masa gareji a gefen gidansa, muka yi magana a kan mota ɗaya da ƙofa mai faɗin mita 2.5. Na haƙa, na zuba harsashi, bulo ya fara tashi, har na sa an yanka rodin linta. Ranar nan da safe sai ya zo ya ce ya sayi mota ta biyu tana kan hanya, don haka a faɗaɗa ginin, a mai da ƙofar mita 5, kuma ba ya son ginshiƙi a tsakiya domin zai ɓata masa kyan gida. A ganinsa tunda faɗi ya ninka sau biyu, rodi ma sai a ninka sau biyu, shi ke nan magana ta ƙare. Na zaunar da shi na yi masa bayanin abin da nake so kai ma ka riƙe har ka tsufa: idan ka ninka faɗin ƙofa sau biyu, ƙarfin da ke neman karya linta a tsakiyarta yakan ninka sau huɗu ne, lotsawarta kuma, idan ba ka ƙara mata zurfi ba, takan ninka har sau 16. Kankare jarumi ne wajen jure danniya, amma rago ne wajen jure ja, abin da yake iya ɗauka na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ɗauka na danniya ba. Linta kuwa samanta ake dannewa, ƙasanta ake ja, shi ya sa manyan rodi suke zama a ƙasa, kuma shi ya sa tsagewa take farawa daga ƙasa a tsakiya.

Ban yi wa aikin ha'inci ba, Allah shi ne shaida. Na kai maganar wurin injiniya, ya ba ni zurfin da za a yi da girman rodi da tazarar zobban ƙarfen da ke ɗaure rodin, na bi abin da ya rubuta ba tare da na rage ko ɗaya ba. Na ɗaga rodin daga kan katako domin kankare ya lulluɓe shi da kaurin santimita 2.5 ko fiye, na tsaya a kan kwaɓin da kaina, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ban bari lebura ya tsinka shi da ruwa don ya ji sauƙin sheburi ba. Muka zuba a rana ɗaya ba tare da yankewa ba, kafinta ya jera sandunan tokara a ƙarƙashi, kowanne a kan faffaɗan katako don kada ya nutse cikin ciko. Na faɗa wa mai gidan da bakina, a gaban yarana, cewa ba a taɓa sandan nan ko ɗaya sai bayan kwana 21. Ya ce ya ji.

Kuskurena guda biyu ne, kuma ba na ɓoye su. Na farko, da ya matsa mini da maganar sauri, na yarda aka ɗora layi huɗu na bulo a kan lintar tun tana da kwana uku, ina ganin ai tokara na nan tana ɗauke da nauyin. Na biyu, wanda ya fi ciwo, maganar kwana 21 ta tsaya a baki, ban rubuta ta a takarda ya sa hannu ba, domin a lokacin ina ganin dattijo kamarsa maganarsa ta isa.

Ranar da lintar ta cika kwana biyar na tafi duba wani aikin. A ranar sabuwar motar ta iso, shi kuma ya ga ba za ta kwana a waje ba, sai ya sa mai gadinsa ya doke sandunan gaba ɗaya, ya shigar da motar. Da na dawo kashegari da sassafe, abin da na fara gani shi ne sandunana a jingine a jikin bango, an jera su tsaf, ga sawun taya a kan cikon da na sha wahalar dandaƙawa. Na ɗaga kai ban ga komai ba saboda katakon ƙasa yana manne, sai da na ɓamɓare shi. A daidai tsakiya ga wata tsaga siririya ta taso daga ƙasa ta nufi sama, na sa bakin wuƙa ya shige. Na ɗaure igiya daga wannan gefe zuwa wancan na ja ta sosai, tsakiyar lintar ta sauka ƙasa da igiyar da kaurin yatsa biyu, bulon da ke samanta kuma ya buɗe a mahaɗa. Kankare mai kwana bakwai ma bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, sai ya kwana 28 ake lissafa shi a matsayin wanda ya nuna, balle mai kwana biyar da aka ɗora wa kaya aka janye masa ƙafa.

Na yi tsammanin mutumin zai ji kunya. Ko kusa. Ya tara maƙwabta ya nuna musu tsagar, ya ce na saci simintinsa na rage rodi, ya rantse cewa ban taɓa ce masa kada a cire sanduna ba. Yarana da suka ji maganar da kunnuwansu, aka ce ai yarana ne, dole su goyi bayana. Ya riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikina, ya kulle katakona da barona a cikin gidansa, na biya leburori da kafinta daga aljihuna domin ba zan kwana da haƙƙin gumin wani ba. Saboda sunana, na koma na fasa lintar da hannuna, na nuna wa duk mai son gani rodin da ke ciki, cif-cif kamar yadda injiniya ya rubuta, na sake zuba wata da kuɗina. Duk da haka bai biya ni ba, kuma mutum biyu da suka riga suka yi mini alkawarin aiki a layin suka janye, domin ƙarya ta riga gaskiya isa kunnensu. Kuɗin na daɗe da daina lissafa su. Abin da ban yafe ba shi ne kalmar ɓarawo da aka jefe ni da ita a kan aikin da na fi kowane kula da shi.

To, ka ga dalilin da ya sa mako ukun nan ya tayar mini da hankali. Lissafa da kanka: kafin ka kai linta ka ci kwana goma, tokara za ta zauna kwana 21, daɓe kuma ba na barin taya ta hau shi sai ya kwana 28. Ina mako uku a nan? Ka koma ka faɗa wa mai gidan gaskiya tun yanzu, idan ya ƙi, ka bar masa aikinsa. Ku yaran yanzu tsoron rasa aiki ya sa kowane sharaɗi aka gindaya muku sai ku ce to, ga kuma son a ɗauki hoton gini a waya a nuna wa duniya an gama da wuri. Kuna kallon bidiyon minti biyu ku ɗauka kun iya abin da muka shekara talatin muna koyo da tafin hannu, kuma kowannenku yana son a kira shi maigida tun bai iya riƙe ma'aunin ruwa daidai ba. Siminti bai san gaggawar kowa ba. Ka ba mai gidan shawarar a sa ginshiƙi a tsakiya a yi ƙofofi biyu, domin ya fi aminci kuma bai kai ɗaya mai faɗi cin rodi ba. Idan ya nace sai guda ɗaya, kada ka ƙiyasta rodi da ido, ka nemi injiniya, sannan ka rubuta ranar zubi da ranar cire tokara a takarda, shi ya sa hannu, kai ka sa, wani wanda ba yaronka ba ya shaida. Ka kuma rubuta ranar da fenti a jikin katakon lintar, yadda ko mai gadi zai gani.

Game da daɓe, abu uku kawai zan tuna maka. Ciko a yi shi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a jiƙa a dandaƙe kafin a ƙara wani, domin daɓen da ya lotsa a ƙarƙashin taya ba laifin kankare ba ne, laifin abin da ke ƙarƙashinsa ne. A shimfiɗa leda saboda danshi, a sa ragar ƙarfe, a zuba kauri santimita 10 zuwa 15, a yi ta ba shi ruwa har mako guda. Sannan ka ba shi gangare zuwa bakin ƙofa, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma bakin ƙofar ya ɗara filin waje tsayi, don ruwan sama da na wankin mota su fita, kada su shigo.

Akwai abin da ya fi linta haɗari, wanda masu gida ba sa son ji. Hayaƙin mota da na janareta yana ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Ka bar kafofin iska a sama da ƙasa a bango biyu masu kallon juna, kuma ka faɗa wa mai gidan ƙarara cewa gareji ba ɗakin janareta ba ne, ba a kuma barin mota a kunne ƙofa a rufe. Idan akwai ƙofar da ta haɗa garejin da cikin gida, ta zama mai kauri mai rufewa ruf, kuma daɓen gidan ya fi na garejin tsayi da taki guda, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi.

Tsarin kaya kuwa tun kafin filasta ake yin sa. Kantoci su tafi bangon ƙurya, ba gefen da ƙofar mota za ta buɗe ba, kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, tsani da tiyo da makamantansu a rataye a ƙugiya don daɓe ya zauna fili. Mai wayarin ya binne bututunsa kafin ka shafe bango, soket ya yi sama da inda ruwa zai iya kaiwa, fitilu kuma a sa su ta gefe-gefe, domin fitila ɗaya a tsakiya rufin mota kawai take haskawa.

Ka auno motocin biyu, ka zana filin a takarda da awonsa, ka kawo mini kafin ka yanka rodi ko guda. Ranar zubin linta kuma ka sanar da ni tun da kwana biyu, zan zo in tsaya a kai da kaina, kuma ina so in ga takardar da mai gidan ya sa wa hannu kafin a fasa buhun siminti na farko.