Yadda za ka gane binciken da aka yi wa kwaskwarima

Ka tambaye ni yadda za ka gane binciken da aka yi wa kwaskwarima a fannin nazarin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, alhali duk takardun da kake karantawa a manyan mujallu suka fito. To, ɗana, fara cire wa ranka cewa maƙaryaci kake farauta. Masu ƙirƙirar alƙaluma daga ka suna nan, irin Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan, wanda asirinsa ya tonu a 2011 har aka janye takardunsa sama da 50. Amma irinsa kaɗan ne. Yawancin ɓarnar mutanen kirki ke yin ta, da bayanai na gaskiya, ta hanyar zaɓin da suke yi bayan sun leƙa sakamako. Don haka duk takardar da ka ɗauka, ka riƙa tambaya: wannan shawarar, kafin a ga bayanai aka yanke ta, ko bayan an gani?

Ga dalili. Mujallu sun saba karɓar sakamakon da ƙimar p ɗinsa ta gaza 0.05. Ƙimar p lamba ce da ke nuna yiwuwar samun irin wannan sakamako idan sa'a ce kawai ke aiki. Ma'anar wannan iyaka ita ce, ko babu wata alaƙa ta gaskiya, gwaji ɗaya cikin 20 zai tsallake ta bisa sa'a kawai. In mutum ya yi gwaji 20 waɗanda ba su dogara da juna ba, yiwuwar aƙalla ɗaya ya tsallake ta kai kashi 64 cikin ɗari. A 2011 masu bincike uku, Simmons da Nelson da Simonsohn, sun nuna abin da 'yan dabaru huɗu ke haifarwa idan aka haɗa su: auna abu biyu a ba da rahoton wanda ya yi kyau, ƙara mutane idan sakamako bai fito ba, shigar da jinsi cikin lissafi ko cire shi, da watsar da rukuni ɗaya cikin uku. Kuskuren da ya kamata ya tsaya a kashi 5 sai ya haura zuwa kusan kashi 61, ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba.

Ka fara karatu daga sashen hanyar bincike, ka bar kammalawa sai ƙarshe. Ɗauki biro ka rubuta duk abin da aka ce an auna, sannan ka je jadawalin sakamako ka ƙirga nawa suka bayyana. In takardar tambayoyi tana da ma'auni takwas amma biyu kawai aka kawo, ina shidan suka shiga? Haka za ka bi yawan mutane. An fara da 240, jadawali ya nuna 203, dole a faɗi wace ƙa'ida ta fitar da 37 ɗin, da lokacin da aka kafa ta. Ka kuma yi hattara da sakamakon da sai an yanyanka jama'a yake fitowa, a ce abin ya yi aiki ga matan birni 'yan ƙasa da shekara 30 kaɗai. Wannan alama ce ta an yi ta laluben inda zai fito.

Sai ka jera ƙimomin p na takardar gaba ɗaya. Alaƙa ta gaskiya, idan yawan mutanen da aka gwada ya wadata, takan ba da ƙimomi da yawa ƙasa da 0.01. In ka ga gwaji biyar sun ba da 0.041, 0.048, 0.032, 0.046, 0.039, duk sun yi cincirindo a bakin iyaka, kuma kowane rukuni mutum 20 ne kawai, to biri ya yi kama da mutum.

Akwai lissafin da za ka yi da wayarka, gwajin GRIM, wanda masu bincike Brown da Heathers suka fitar a 2016. Idan amsoshi cikakkun lambobi ne, kamar 1 zuwa 5, jimillarsu ma dole ta zama cikakkiya. A ce mutum 25 suka amsa tambaya ɗaya, aka rubuta matsakaici 3.47. Ninka da 25, za ka sami 86.75. Jimilla 86 tana ba da 3.44, 87 tana ba da 3.48, babu hanyar samun 3.47. Gwajin yana aiki ne idan mutanen ba su kai 100 ba kuma an rubuta lamba biyu bayan ɗigo. Kuskuren bugu yana iya jawo haka, amma in ya maimaitu a jadawali ɗaya, akwai magana.

Abin da ya fi wuyar kamawa shi ne hasashen da aka ɗinka bayan sakamako ya fito, aka sa shi a gabatarwa kamar da shi aka fara. Daga rubutun kaɗai da kyar ka gane. Maganinsa rajistar tsarin bincike tun kafin a tattara bayanai, a shafin intanet na OSF (Open Science Framework) ko rajistar AEA, ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka. In an ce an yi rajista, kada ka tsaya a nan. Buɗe ta, duba kwanan wata, ka gwada babban ma'aunin da aka yi alkawari da wanda aka ɗora a kan gaba a takarda.

Kada kuma yawan takardun da suka yarda da juna ya ruɗe ka, domin waɗanda ba su sami komai ba a aljihun tebur suke kwana. A 2014 mai bincike Annie Franco da abokan aikinta sun bi sawun bincike 221, suka tarar kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ba su sami alaƙa ba ko rubuta su ba a yi ba. A 2015 da aka sake gwada bincike 100 na ilimin halayya, 97 ne suka ce sun sami alaƙa tun farko, amma kashi 36 kawai suka sake tsallake iyakar.

Duk abin da ka gani, alama ce, ba hujjar zargi ba. Rubuta wa marubucin cikin ladabi, ka ambaci jadawali da layin da lissafi bai yi daidai ba, ka roƙi ɗanyen bayanai da umarnin da aka ba kwamfuta. Sai idan ya yi shiru ko amsarsa ba ta warware ba, sannan ka kai wa editan mujallar.