Me ya sa dawakaina ke fitowa dishi-dishi a hoto?

Tambaya: Ranar hawan salla na ɗauki hotuna a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Ginin ya fito tangaran, amma dawakan suka fito dishi-dishi. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Malam, kyamararka lafiya lau take. A cikinta akwai wani marufi da ke buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe, kuma duk abin da ya motsa kafin ya rufe zai fito a shafe. Ana auna wannan lokaci da ɓangaren daƙiƙa. 1/60 ya ishi mutumin da ke tsaye, amma doki mai sukuwa yana bukatar 1/1000, domin a nan ne za ka ga ƙurar kofato da bakin rawanin mahayi sun tsaya cak a iska.

Ka juya maɓallin zaɓen tsarin ɗaukar hoto zuwa S idan kyamararka Nikon ce, ko Tv idan Canon ce, ka zaɓi saurin marufin da kanka. Sai dai sauri yana rage haske. Da rana tsaka wannan ba abin damuwa ba ne a Damagaram, amma idan la'asar ta yi sakaliya, ka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, zuwa 800.