Kayan kiɗan da hannu ba ya taɓawa: zai yi a filin biki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makaɗin fiyano ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina zuwa bukukuwa. Na ga bidiyon wata mata tana kaɗa hannu a iska gaban wani ɗan akwati mai sandar ƙarfe, sauti na fita kamar kukan goge. Abokaina sun ce haɗin kwamfuta ne. Gaskiya ne? Kuma zai yi aiki a filin biki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haɗi ba ne, ba kuma siddabaru ba. Sunan abin teramin, daga sunan Lev Termen, masanin kimiyya ɗan Rasha da ya ƙirƙiro shi a wajen 1920. Ya yi masa rajista a Amurka a 1928, kamfanin RCA ya fara sayar da shi a 1929, tun kwamfuta ba ta zo duniya ba.

A cikin akwatin akwai da'irori biyu na lantarki, irin na rediyo, masu kaɗawa da saurin da kunne ba ya kamawa. Ɗaya saurinta ba ya canzawa, ɗayar tana haɗe da sandar da ke tsaye. Jikin mutum yana ɗaukar ɗan caji, don haka da hannu ya matso sai saurin ta biyun ya ɗan sauya. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne sautin. Ka matso, murya ta yi sama ta sirance. Ka ja baya, ta sauka ta yi kauri. Akwai kuma lanƙwasasshen ƙarfe a gefen hagu: ka sauke hannu kansa sauti ya mutu, ka ɗaga ya ƙaru.

Kunnenka ya gaya maka gaskiya da ya ji goge. Fiyano matakala ce, daga maɓalli sai maɓalli, babu komai a tsakani. Teramin kuwa gangara ce, kamar yatsan mai goge a kan tsirkiya ko hammatar mai kalangu idan ta matsa. Rawar yatsa kaɗan tana sa muryar ta karkarwa kamar ta mawaƙi. Shi ya sa Clara Rockmore, wadda ta fi kowa suna a kansa, asalinta mai kaɗa gogen Turawa ce. Ni kam ina ganin harshe irin namu, mai hawa da saukar murya, ya dace da shi ƙwarai. Zai iya bin amshin waƙa gaɓa da gaɓa.

Sai maganar filin biki, kuma a nan wahalar take. Sandar ba ta san hannunka daga na wani ba. Mai liƙi ya matso zai manna maka kuɗi a goshi, murya ta kauce. Yara su kewaye ka, haka. Dole ka samu dandamali, ko ka sa a ja igiya a bar maka fili kamar taku biyu ta kowane ɓangare. Na biyu, wutar janareto: idan tana hawa da sauka, ko babu wayar da ta haɗa kayan da ƙasa, za ka ji gurnani a lasifika, sautin kuma ya ƙi tsayawa. Kafa ƙarfe a ƙasa mai laima ka haɗa, ka sa na'urar daidaita wuta. Kunna shi kamar minti 15 kafin a fara, don ya ɗumama, sannan ka saita shi a daidai inda za ka tsaya, kada ka bar shi cikin rana. Ƙaramar lasifika kuma ta zauna bayan kunnenka, domin in ba ka jin kanka a cikin hayaniya, babu maɓallin da zai cece ka.

Shawarata, kada ka jingine fiyanonka. Bar shi ya riƙe kiɗa da ganga, teramin ya shigo a wurare masu sanyi, kamar lokacin shigowar amarya. Kafin nan, ka yi watanni kana koyo a ɗaki: danna maɓalli ɗaya a fiyano, ka nemo muryarsa a iska har su haɗu, sannan ka wuce na gaba.