Teku ba Gulbin Rima ba ne

Na ga saƙonka, yaro. Wai wani baƙo zai tafi da kai kallon tsuntsaye bakin teku, cikin fadamar ruwan gishiri, kana tambaya ko da asuba za ku riƙa fita kamar yadda muke yi a Kware da Goronyo. Ka fama mini miki.

Shekarun baya wani Bature ya zo nan Sakkwato, na kai shi tafkin Kware, na nuna masa dinya da kirinjijiya da zalɓe har ya cika littafinsa. Daɗi ya kama shi, ya ce in raka shi Gambiya, gandun tsuntsaye na Tanji. Na ɗauki babban madubina na hangen nesa, mai ƙafa uku, wanda sai da na sayar da bijimi na saye shi. Lokacin ina jin babu wanda ya kai ni a wanga aiki.

Muka fita bayan sallar asuba. Ruwa ya janye can nesa, sai taɓo shimfiɗe, tsuntsayen kuma kamar an watsa gero, ba ka bambance kowa. Na kafa madubin cikin taɓon, muka ji wani kuka cikin sarƙaƙiyar da ke bayan rairayi, muka bi. A raina na ce ai ruwa ba ya tafiya da ƙafa. Rima sai damina take cika, wa zai ce mini ruwa na da safe da yamma? Ko da muka dawo, wurin da na tsaya ya zama tafki. Ƙafa ɗaya ta madubin kawai nake hange, a karkace. Na kutsa har ƙugu na ciro shi, ruwa na zuba ta wurin ido. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta dube ni, ta nuna sama da yatsa. Sai daga baya na gane wata take nufi: ranar 14 ga wata ce, ya cika.

Cikin mako gilashin ya yi hazo fari ta ciki, kusoshin suka yi tsatsa. Gishiri ba ya yafiya. Shi kuwa Baturen, da aka zo biya, cewa ya yi akwai tsuntsun da ya zo dominsa bai gani ba, ya yanke rabin kuɗina. Sauran wai zai aiko in ya koma gida. Har yau yana aikowa. A mota na dawo, kwana da kwanaki, da mataccen madubi a cinya.

To ka ji. Teku na cika sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ne, kuma kullum yana ƙara jinkirin kusan minti 50. Lokacin jiya ba shi ne na yau ba. In wata ya tsaya, ko ya cika, ruwan ya fi hauhawa. Ka nemi jadawalin cikar ruwa na wurin, ko ka tambayi masunta, sun fi takarda. Ka isa awa biyu kafin ya cika, rana a bayanka, ka zauna a tudu. Ruwan da kansa zai koro maka tsuntsayen har gabanka. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kuwa daga Oktoba zuwa Maris ake samunsu.

Maganar irin tufafi da yin shiru, in sai na faɗa maka, gara ka koma sayar da katin waya. Ku yaran yanzu kuna kunna kukan tsuntsu a waya ku ce kun iya aiki, alhali ko balbela ba ku iya jira ta sauka.

Kuɗi kuma na kwana za ka yanka wa baƙon, ba na tsuntsu ba, ka karɓi rabi tun kuna Sakkwato. Tsuntsu ba ɗan gidanku ba ne da za ka yi alkawari da shi.

Kuma kada ka zo aron ƙaramin madubina. Ba ya zuwa teku.