'Yata ta fi ni Turanci cikin shekara guda: na makara ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na biyo maigidana birnin Birmingham na Ingila da yara. 'Yata mai shekara 7 ta kama Turanci cikin shekara ɗaya, har gyara mini take yi. Ni shekarata 36, na gama sakandare a gida, amma da zarar likita ya fara magana da sauri sai kaina ya ɗaure. Na makara ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba ki makara ba, sai a abu guda: lafazi. Wanda ya fara da girma da wuya harshensa ya koma irin na ɗan ƙasa. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, shi ya sa kunnenki ke jin su ɗaya, ita kuwa yarinya tun ba a je ko'ina ba ta raba su. Wannan kada ya dame ki. A fahimce ki shi ne buƙata.

Shekaru na da tasiri, ba musu. A 1989, masu bincike biyu, Johnson da Newport, sun gwada Turancin mutum 46 'yan asalin Sin da Koriya a Amurka. Waɗanda suka shiga ƙasar tsakanin shekara 3 zuwa 7 sun yi daidai da 'yan ƙasa a nahawu, makin sauran kuma ya yi ta raguwa gwargwadon shekarun zuwansu har zuwa lokacin balaga. Amma raguwa ce, ba a rufe ƙofa ba. Wani bincike na 1978 a Holan ma ya nuna matasa da manya sun fi ƙananan yara saurin kama harshe a watannin farko, domin su ana iya yi musu bayanin ƙa'ida su riƙe.

Abin da nake ganin ya fi shekaru nauyi a lamarinki shi ne awanni. 'Yarki tana wuni kusan awa shida a makaranta, kwana biyar a mako. Dole ta nemi izinin fita, ta yi rigima a kan fensir, ta yi kuskure ba ta ji kunya ba. Ke fa? Gida, girki, sai hira da 'yan'uwa a WhatsApp da Hausa. Turancin da kika koya a aji na karatu da rubutu ne, kunnen ne bai samu aiki ba.

Kuma kada santsin bakinta ya ruɗe ki. Masanin koyon harshe Jim Cummins ya nuna cewa Turancin hira kan zauna cikin shekara biyu, amma na darasi yakan ɗauki biyar zuwa bakwai. Ita ma da sauran aiki a gabanta.

Ki nemi ajin ESOL, wato ajin koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu na gida ba ne, a kwalejin da ke kusa da ku, ki riƙa kunna rediyon Turanci kina aikin gida, ki yi cefane da bakinki. A asibiti ki nemi tafinta, hukumar lafiya ta NHS tana bayarwa kyauta; kada ki ɗora wa yarinya fassara ciwonki. A gida kuma ku ci gaba da Hausa, domin ita ce yaran za su fara rasawa idan kuka saki.