Yaya jijiyar ido take gane hanyarta zuwa ƙwaƙwalwa?

Ƙanwata daga Daura, kin tambayi yadda jijiyoyin ido da kunne na ɗan tayi suke isa mazauninsu a ƙwaƙwalwa ba tare da sun ɓata ba.

Kowane zaren jijiya mai tsiro yana da kai mai 'yan yatsu a ƙarshensa, yana lalube kamar yaɗon kabewa. Cajal, masanin ƙasar Sifen, shi ya fara bayyana wannan kan a 1890. Abin da yake lalubowa sinadarai ne da naman jikin da ke kan hanya yake fitarwa. Cikin waɗannan sinadarai, netirin yakan janyo shi, samaforin yakan kore shi, efirin kuma shi ke nuna masa daidai gurbin da zai sauka.

Gwajin Roger Sperry, masanin ƙasar Amurka, ya fi burge ni. A shekarun 1940 ya yanke jijiyar idon kwaɗo, ya juya idon sama a ƙasa. Zarurrukan suka sake tsirowa, kowanne ya koma tsohon gurbinsa. Daga nan idan ƙuda ya gifta ta sama, sai kwaɗon ya kai hari ƙasa, kuma bai taɓa gyarawa ba.

A mutum dai jijiyar ido ba ta sake tsirowa idan ta mutu, shi ya sa hawan jinin ido ba a yi masa jinkirin zuwa asibiti.