Tambaya da Amsa: Kamfaninmu na bunƙasa amma manhajarmu ta rikice

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki. Ni a Jidda nake, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai manhajar ɗaukar masu Umara daga filin jirgi zuwa otal ɗinsu a Makka. Mu 7 muka fara, yanzu shekara ɗaya da rabi mun haura 40, kuma ni aka ɗora wa kula da manhajar wato me za a ƙara me za a gyara. Matsalar kowa da nasa, maigida yana son a sa odar abinci, masu talla suna son a sa sayar da dabino da jallabiya, ga wani ejan daga Kano ya ce in ba mu ƙara ziyarar Madina ba zai kwashe mutanensa, direbobi kuma kullum cikin ƙorafi. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Ya zan yi? Daga ɗan'uwanka a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara buɗi. Kafin komai ka tambayi kanka, wanda ya buɗe manhajar nan me ya kawo shi? Mota. Dattijuwa ce ta taso daga Kano ko Sakkwato, ta sauka ƙarfe 2 na dare cikin niyyar harami, ƙafa ta kumbura, ba Larabci, cajin waya ya kusa ƙarewa, manhaja ta ce mata direba ya iso ita kuma ta duba ko'ina ba ta gan shi ba. Wannan matar ba dabino take nema ba. In ta sha wahala a daren nan to ta koma gida sai unguwarsu kaf ta ji labari, kuma ka san kasuwar Umara da baki take tafiya.

Lokacin da kuke ku 7 kowa ya san komai saboda tire ɗaya kuke cin abinci, magana ɗaya an gama. Mutum 40 ba sa gudana haka, dole a samu mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe kan abin da zai shiga manhaja, kuma tunda kai aka ba wa to ka zauna da maigida ku yi ta a fili, ya yarda ko shi in yana da buƙata ta hannunka za ta bi. Da ladabi za ka faɗa masa amma fa ka faɗa. In bai yarda ba gaskiya sunan kawai aka ba ka.

Daga nan duk buƙata a rubuta ta wuri ɗaya, ba wannan ya turo saƙon murya a WhatsApp wancan ya tare injiniya a bakin ƙofa ba. Kowace ka rubuta wa ya nema, mutum nawa za ta amfana, sati nawa za ta ci, sannan me za a ajiye in an ɗauke ta, don wannan na ƙarshen shi mutane ba sa son ji. Da Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kwamfuta na Apple, ya dawo kamfanin a 1997 abin da ya yi kenan, ya tarar da kaya barkatai ya rage su zuwa kwamfuta iri 4, biyu na gida biyu na ma'aikata.

Akwai abin da ba zaɓi ba ne, shi ke gaba. Harajin kaya a Saudiyya ya koma kashi 15 cikin 100 tun Yulin 2020, rasit na lantarki kuma hukumar zakka da haraji ta wajabta shi tun Disambar 2021, irin waɗannan ba a ja musu rai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙorafin direbobi, ka kawo shi a ƙarshe alhali su ne ke riƙe da kasuwar. Ka ware dare 2 ka bi ɗaya daga cikinsu tun daga filin jirgi har Makka, ka zauna gaban mota ka ga inda manhajar ke maƙalewa, ƙila taswira ce ke tura shi wata ƙofa daban da wadda fasinja ke tsaye. Abin da za ka gani a daren nan ba wani taro da zai nuna maka shi. Kuma don Allah daga tsakiyar Sha'aban ku daina ƙara sabon abu, gyara kawai, saboda cunkoson goman ƙarshe na azumi ba lokacin gwaji ba ne.

Shi kuma ejan ɗin Kano kar ka ce masa a'a kai tsaye. Ku yi masa ziyarar Madina da hannu, waya da takarda, na wata 2, dama ga jirgin ƙasan Haramain yana zuwa Madina tun 2018 wasu ma shi za su zaɓa. In kun ga mutane na nema sosai sai a gina ta a manhaja bayan Sallah.